Maganin da Ya Wuce Wa'adinsa: Daɗewar Tsofaffi kan Magungunan Dangin Ofiyam Bayan Tiyatar Kansar Huhu

Tsakure

Takardar nan ta bibiyi binciken da aka yi a Amurka da Kanada da Koriya ta Kudu a kan majinyata, musamman tsofaffi, da aka yanke wa wani sashe na huhu saboda kansa, sannan suka ci gaba da karɓar magungunan kashe raɗaɗi dangin ofiyam watanni bayan ɗinki ya warke. Ta nuna cewa alƙaluman da ake yawo da su ƙidayar zuwa kantin magani ce, saboda haka ba su kai hujjar a ce tsofaffin sun faɗa shaye-shaye ba. Abin da ke kwance a ƙarƙashinsu abu biyu ne: jijiyar haƙarƙari da aka ji wa rauni a wurin tiyata, da takardar magani da ake ta sabuntawa alhali ba a san likitan da alhakin tsayar da ita ke wuyansa ba.

1.0 Gabatarwa



Kansar huhu cutar manya ce. A Amurka, kusan rabin waɗanda ake gano tana jikinsu sun kai shekara 70 ko sun haura. A 2011 babban gwajin nan na NLST ya nuna cewa idan aka riƙa ɗaukar hoton ƙirjin mashaya taba da na'urar CT, mace-macen kansar huhu kan ragu da kashi 20 cikin 100. Hukumar inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan kuɗin hoton a 2015, a 2021 kuma aka faɗaɗa shawarar yin hoton ta ɗauki 'yan shekara 50 zuwa 80. Amfanin wannan tantancewa shi ne a kama cutar tun tana ƙarama, lokacin da wuƙar likita za ta iya raba mutum da ita baki ɗaya. To, an yanke, an ɗinke, an sallami dattijo ya koma gida da kwalbar ƙwayoyi a aljihu. Tambayar takardar nan ita ce yaushe yake ajiye kwalbar, wa kuma yake ce masa ya ajiye.

Idan na ce dangin ofiyam, ina nufin mofin da kodin da oksikodon da haidurokodon da fentanil, har da tiramol da muka sani a nan gida.

2.0 Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da ya fara jan hankali na Hance Clarke ne da abokan aikinsa, wanda mujallar BMJ ta buga a 2014. Sun bi bayanan mutum 39,140 a lardin Ontariyo na Kanada, duk 'yan shekara 66 zuwa sama, waɗanda aka yi wa manyan tiyata tsakanin 2003 da 2010, kuma ba sa shan waɗannan magunguna kafin a kwantar da su. Kashi 3.1 cikin 100 ne suka zarce kwana 90 suna karɓa. Adadin bai da yawa, amma da aka rarrabe shi bisa nau'in aiki, sai tiyatar ƙirji ta zo kan gaba.

A Amurka adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Alexander Brescia da tawagarsa a Jami'ar Mishigan sun duba mutum 3,026 da aka yanke wa huhu, suka tarar kashi 14 cikin 100, wato mutum ɗaya cikin bakwai, na ci gaba da karɓa bayan wata uku. Waɗanda aka buɗe wa ƙirji kashi 17 ne, waɗanda aka yi wa aikin ta ƙananan huji da kyamara kashi 9. Sai kuma binciken da ya fi shafar maudu'inmu kai tsaye, na David Nelson da abokansa a cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Teksas, wanda ya fito a 2020. Sun haɗa rajistar kansa ta SEER da bayanan Medicare, suka samu tsofaffi 6,948. Kashi 31 cikin 100 na karɓar maganin tsakanin wata uku da shida bayan tiyata. A cikin waɗanda ba sa sha kafin aikin, kashi 17 ne. Don a ga girman abin, binciken Chad Brummett na 2017 a kan tiyata iri-iri, manya da ƙanana, kusan kashi 6 ya samu.

Koriya ta Kudu ta ƙara wani abu. Tak Kyu Oh da abokan aikinsa sun bi mutum 54,509 ta hanyar inshorar lafiya ta ƙasa, suka wallafa a 2022 cewa kashi 6.1 sun zama masu daɗewa kan maganin, kuma haɗarin mutuwarsu cikin shekara biyu ya ɗara na sauran da kashi 40 cikin 100. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi bukatar a bi shi a hankali.

3.0 Me ake ƙirgawa?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu bincike da ya zauna da majinyaci ya tambaye shi. Takardun biyan kuɗi suka karanta. A yawancin binciken Amurka, ma'anar daɗewa ita ce mutum ya karɓi maganin aƙalla sau ɗaya tsakanin kwana 90 da kwana 180 bayan tiyata. Dattijuwar da aka cire wa haƙori a wata na huɗu aka ba ta ƙwaya goma ta shiga lissafi. Wanda ya karɓa ya jefa a durowa bai sha ba ya shiga. Wanda kansarsa ta dawo ta ci ƙashi, shi ma ya shiga. Duk an zuba su a kwando ɗaya da wanda yake haɗiyar ƙwaya safe da yamma tun ranar da aka sallame shi.

Akwai kuma batun lokaci. Wanda aka ga cutarsa ta taɓa kaluluwa, akan bi shi da kemo bayan 'yan makonni, yawanci zagaye huɗu, abin da kan ɗauki kusan wata uku. Ashe ke nan ƙarshen kemo da wahalarsa suna faɗowa daidai cikin kwanakin da ake ƙirgawa. Magunguna irin su sisfilatin da fakilitaksel suna taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, gashin kansa da na'ura kuma yana ƙona maƙoshi har haɗiyar yawu ta zama aiki. Ba abin mamaki ba ne da binciken Mishigan da na Teksas duk suka nuna kemo ko gashi bayan tiyata na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da daɗewa kan maganin.

Haka zancen mutuwa. Mai ciwo mai tsanani shi ya fi shan magani, shi kuma ya fi kusa da kabari. Bayanan inshora ba za su iya faɗa mana wanne ya jawo wanne ba. Akwai gwaje-gwajen ɗakin bincike da ke nuna mofin na iya raunana garkuwar jiki, amma daga nan zuwa a ce ƙwaya ce ta kashe majinyatan Koriya tafiya ce mai nisa.

Abu na ƙarshe: bayanan Teksas sun tsaya a 2013, na Mishigan a 2014. Tun daga lokacin ruwa ya gudu ƙarƙashin gada a Amurka. An tsaurara dokar haidurokodon a watan Oktoba na 2014, cibiyar CDC ta fitar da ƙa'idojinta a 2016, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan annobar ofiyam a 2017, shekarar da mutum kusan 47,600 suka mutu ta dalilinta. Kashi 17 hoton wancan zamanin ne.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da alƙaluman. Ko an tankaɗe su an cire tsakuwa, sauran da ya rage yana da yawa, kuma tiyatar ƙirji ce ke fitowa a sama a ƙasashen da tsarin lafiyarsu bai yi kama da juna ba. Wannan na nuna akwai wani abu a cikin aikin kansa.

4.0 Jijiyar da ke ƙarƙashin haƙarƙari

Wanda bai taɓa shiga ɗakin tiyata ba, ga yadda abin yake. Ana kwantar da majinyaci a gefe ɗaya, a tsaga daga ƙasan allon kafaɗa a biyo lanƙwasar haƙarƙari, yawanci ta tsakanin na biyar da na shida. Hannun likita ba ya shiga ta wannan 'yar kafa, sai a saka wani ƙarfe mai baki biyu da marfi, a riƙa murɗawa yana buɗa haƙarƙarin kamar ana ɗaga mota da jak. A gefen ƙasa na kowane haƙarƙari akwai ɗan kwari, a ciki jijiyar jini da jijiyar ji suke kwance. Bakin ƙarfen nan a kansu yake zama, wani lokacin awa biyu ko uku. Haƙarƙari kan tsage. Da aka gama, zaren da ake ɗaure ƙasusuwan da shi na iya sake shaƙe jijiyar da ke ƙasa. Sannan ga robar da ake bari a ƙirji don zuƙe iska da ruwa, ita ma ta tsakanin haƙarƙari take bi.

Fata kan warke cikin mako biyu. Jijiya ba ta bin wannan lissafi. Emine Bayman da Timothy Brennan sun tattara binciken da aka yi a kai suka wallafa a 2014: kashi 57 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ƙirji suna jin ciwo a wata na uku, kashi 47 a wata na shida. Yawancinsu ciwon mai sauƙi ne, amma akwai waɗanda yake hana barci. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da kashi 17 na masu karɓar magani, sai a ga cewa masu ciwo sun ninka masu sha.

Ciwon jijiya kuma yana da kamanninsa. A nan harshenmu ya yi mana gata, domin Bahaushe ba ya haɗa zugi da ƙuna, ko suka da tsikari, ko sara da minjirya. Ciwon rauni zugi yake yi, yana ƙaruwa da tari ko juyi. Na jijiya ƙuna yake yi, ko ya fizgi mutum kamar wutar lantarki, daga baya ya zagayo har ƙasan nono. Wurin ya mutu idan an taɓa da yatsa, amma gogar riga kaɗai ta sa mutum ya yi tsalle. Za ka ga dattijo yana tafiya ya ɗage hannu daga jikinsa, ya riƙe riga da 'yan yatsu biyu kada ta taɓa tabon. Wannan irin ciwo ba ya jin ofiyam sosai. Masanan da suka tace magungunan ciwon jijiya a 2015, ƙarƙashin jagorancin Nanna Finnerup, a sahu na uku suka ajiye masu ƙarfi irin mofin da oksikodon. Ƙwayar tana dusashe ciwon, ba ta kashe shi, sai majinyaci ya koma ya ce bai ji sauƙi ba, a ƙara masa.

Tiyatar huji ta rage wannan ɓarna. Gwajin da Morten Bendixen ya jagoranta a Denmak, wanda ya fito a 2016, ya nuna ƙarancin ciwo a shekarar farko ga waɗanda aka yi wa aikin da kyamara, gwajin VIOLET na Birtaniya mai mutum 503 shi ma ya nuna sun fi saurin miƙewa. Sai dai sandunan kyamara su ma ta tsakanin haƙarƙari suke shiga, suna kuma danna jijiya idan ana karkata su. Ciwon ya ragu, bai ƙare ba.

5.0 Jikin tsoho

Me ya sa ake ware tsofaffi? Ƙodar mai shekara 75 ba ta tace jini kamar ta ɗan 40, kuma mofin idan hanta ta sarrafa shi yakan bar wani sinadari mai ƙarfi da ƙoda kaɗai ke fitarwa. Idan ya taru, sai barci mai nauyi da raguwar numfashi. Ga shi mutumin an riga an ɗebe masa sashe guda na huhu, sauran kuma taba ta shekara arba'in ta cinye shi. Sannan akwai jiri da faɗuwa da karayar ƙugu, da ruɗewar da iyali kan ɗauka gigin tsufa ne, da taurin bayan gida wanda jiki ba ya sabawa da shi komai daɗewa.

Tsoho kuma da wuya ka same shi da magani ɗaya. A 2016 hukumar FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani kan haɗa ofiyam da magungunan barci dangin baliyam. A Disamban 2019 ta ƙara wani kan gabafentin da firegabalin, ta ambaci tsofaffi da masu cutar huhu a cikin waɗanda numfashinsu ke iya tsayawa. A nan likita ke shiga tsaka mai wuya, domin waɗannan biyun su ne maganin farko na ciwon jijiya. Amitiriftilin ma yana aiki, amma jerin Beers na ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ya ce a guje shi ga tsoho. Tiramol da ake ganin mai sauƙi ne yana zubar da gishirin jini, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Kowace ƙofa da ƙayarta.

6.0 Takarda marainiya

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Mu ɗauki misalin dattijo mai shekara 72 da aka cire wa sashen sama na huhun dama. Likitan tiyata ya rubuta masa oksikodon ranar sallama. Bayan mako biyu ko uku ya dawo, aka duba ɗinki da hoto, komai lafiya. Ya ce yana jin ciwo, aka ƙara masa. A tsarin Medicare, kuɗin babbar tiyata ya haɗa da kulawar kwana 90 bayanta, don haka a daidai ranar da masu bincike suke fara ƙirga daɗewa, a ranar ne hannun likitan tiyata ke fita. Likitan kansa ya karɓe shi, hankalinsa na kan ƙwayoyin jini da zagayen kemo. Ya ga sunan maganin a fayil, ya sabunta, don a tarbiyyarsa ba a ja wa mai kansa rai kan maganin ciwo. Aka gama kemo, sai likitan unguwa. Shi kuma ya ga manya biyu sun rubuta, wane shi ya soke? Bayan haka sai hoton CT duk wata shida, inda abin da ake nema ɗaya ne, ko cutar ta dawo. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu ukun, ga shi dattijo ya cika shekara yana sha.

Kalmar kansa ita ma tana rufe ido. Ƙa'idojin CDC na 2016 sun keɓe masu jinyar kansa, haka iyakar kwana bakwai da Medicare ta sa wa takardar farko a 2019. Keɓewar tana da dalili mai kyau. Amma dattijon misalinmu an cire masa cutar, ana sa ran ya yi shekaru. Ciwonsa na tiyata ne, sunan kansa kawai ke biye da shi a fayil.

Yawan ƙwayar farko ma yana da tasiri. Rahoton da CDC ta buga a 2017 kan marasa kansa ya nuna cewa cikin waɗanda shansu na farko ya kai kwana takwas, kashi 13.5 na nan suna sha bayan shekara; idan ya kai wata guda, kusan kashi 30. Jiki kan saba cikin makonni. Ranar da tsoho ya tsallake ƙwaya sai gumi da hamma da murɗar ciki da ciwon gaɓoɓi su taso, shi kuwa ya ɗauka cutarsa ce ta motsa, ya koma wa kwalba da sauri. Wannan sabon jiki ne, kuma kiransa shaye-shaye zalunci ne ga mutumin da umarnin likita kaɗai ya bi.

7.0 Gyara

Ɓangaren ɗakin tiyata an yi nisa da shi, ba zan daɗe a kai ba. Ƙa'idojin gaggauta farfaɗowa da ƙungiyar ERAS da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Turai suka fitar a 2019 sun tanadi aikin huji inda ya yiwu, allurar kashe jijiya a gefen ƙashin baya, farasitamol tare da maganin kumburi ga wanda ƙodarsa za ta ɗauka, cire robar ƙirji da wuri, da tayar da majinyaci ya taka cikin awa 24. Asibitoci da dama yanzu suna auna ƙwayoyin sallama da abin da mutum ya sha a yininsa na ƙarshe a gado.

Inda aka bari a baya shi ne wata na uku. Shawarata a rubuta sunan likita guda a takardar sallama, a ce shi ne mai wannan magani har ranar da za a daina, a kuma sa ranar zama ta musamman da ba ta hoto ba. A zaman, tambayoyin ba su da tsada: Baba, ciwon zugi yake yi ko ƙuna? Riga tana damunka? Ƙwaya nawa ka sha jiya, don ciwo ka sha ko don barci? Ya taɓa lafawa sannan ya dawo? Tambayar ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin ciwon da ya tafi ya dawo, ko yake ƙaruwa kullum, hoto yake bukata kafin komai. Idan na jijiya ne, akwai filastar lidoken da ake mannawa a tabon, akwai duloksetin, akwai allurar jijiya, akwai gabafentin da ƙaramin awo bayan an duba ƙoda.

Janyewa kuma sannu-sannu ake yi. Bayan 2016 likitoci da yawa a Amurka sun tsorata suka yanke wa majinyata magani dare ɗaya, aka gudu daga gara aka faɗa gidan zago, har FDA ta fito a Afrilun 2019 ta yi gargaɗi cewa yankewar gaggawa na jawo azaba da yunƙurin kashe kai. Ƙa'idojin CDC da aka sabunta a 2022 sun kawo misalin rage kashi 10 cikin 100 a mako ga wanda bai daɗe ba, kashi 10 a wata ga wanda ya shekara.

8.0 Inda abin ya shafe mu

Kada mu kwaso darasin Amurka da ƙafar hagu. Kwamitin mujallar Lancet ya ruwaito a 2017 cewa cikin tan 298.5 na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya a shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe mafiya talauci. Majinyacin kansa a Kano ko Damagaram ya fi fuskantar rashin mofin a kan yawansa. A lokaci guda, binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a shekara guda, yawanci tiramol, kuma a 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Jijiyar haƙarƙari dai iri ɗaya ce a ko'ina, mu ma kuma muna buɗe ƙirji, saboda mugunya da tarin fuka da hatsarin mota. Bambancin shi ne dattijon Teksas ya bar sawu a kwamfutar inshora, shi ya sa aka ƙirga shi. Namu idan ƙunar ta hana shi barci, jikansa zai aika kemis da kwalin da ya ƙare, a ba shi irinsa, babu takarda babu rajista. Asibitocin koyarwa da ke wannan aiki za su iya farawa da layi biyu a katin dawowa: irin ciwon da majinyaci yake ji a wata na uku, da sunan abin da yake sha, har da wanda ya saya da kansa.